Baret Biyu Masu Rigar Ƙarfe

Jambutu, Garwa
Janairu 2006, bayan Babbar Sallah

Zuwa ga bawan gidanmu, Bukar na Meiganga,

Salamu alaikum. Ina fata kun yi Sallah lafiya, kai da Aisatu da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Goggo Hajjo ta yi sauƙi, har ta koma kasuwa tana faɗa da masu kifi. Ta ce in tambaye ka ko ƙaya aka shuka a hanyar Garwa.

Kada ka ga na ce bawa ka kumbura. Kakana namiji ne, kakarka ƙanwarsa ce, taubasantakar nan gadonta muka yi, kuma ni ce a sama ko kana so ko ba ka so.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Idon Baffa Abdurrahman yana tafiya. Doktor ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa jinkiri kawai yake sa shi, kuma da wuya a kai baɗi yana gani. Ka san waƙoƙinsa na wa'azi da ya rubuta da ajami tun yana saurayi, waɗanda ke cikin gafakar nan da yake hana ku taɓawa lokacin da kake karatu a zaurensa. Tawadar ta koɗe, gara ta ci gefe, kuma ba mai iya karanta hannunsa sai shi. Shi ma yanzu ba ya iya gani a takarda.

Sai na kwaso kwamfutar shagona na kafa ta a zauren. Ina sa shafi a sikana, in ƙara wa tawadar baƙi, in buɗa rubutun a ekran, wato gilashin injin, har harafi ya kai ɗan yatsa. Shi yana karantawa, ni ina bugawa. Ka zo ka ga Malam a gaban inji! Da safe kawai idon ke ba shi haɗin kai, kafin rana ta ɗaga. Ba mu kai rabi ba tukuna.

Injin yana aiki, amma wani lokaci yakan ɗan tsaya yana tunani. Maƙwabciyata Émilienne mai shagon fotokopi ta ce in ƙara masa baret ɗin memuwar, wato ƙwaƙwalwar injin. Na je kasuwa, mai kaya ya zube mini iri-iri, kowacce ya ce ita ce daidai. Mun buɗe nawa mun leƙa: ramuka huɗu ne duk a cike, kuma kowace baret tana sanye da wata rigar ƙarfe, ba kamar na kasuwa ba da suke tsirara. Kai ne masanin gidan. Wacce zan saya?

Uwargijiyarka,
Iyatu


Meiganga
Ƙarshen Janairu 2006

Zuwa ga Iyatu, mai sarauta ba talakawa,

Wa alaikis salam. Zacharie direba ya miƙo mini takardarki tana warin shanu, na ce lallai daga gidanku ta fito. Muna lafiya. Ƙaramar ce ta yi zazzaɓi, ta warke. Labarin idon Kawu Malam, wato Baffanki, ya taɓa ni. Mutumin da ya koya mini baƙi da wasali! Allah Ya ba shi lafiya.

Ki ajiye kuɗinki, kada ki sayi komai, ki saurari malaminki. Abin da kike ajiyewa yana cikin disk ne, shi ne buhun shinkafa. Baret kuwa faifai ce da kike tsinta a kai. In faifan ƙarami ne sai ki yi ta komawa buhu, aikin ya ƙi ci. Hoton shafi ɗaya da kika ɗauka da kyau yana cin faifai sosai, shi ya sa injin ke tsayawa.

Amma ba kowane faifai ke shiga kowane gida ba. Ki juya baret ki dubi bakinta, wajen haƙoran zinariya. Tsoffin injuna irin na makarantu suna cin mai tsaga biyu nesa da juna, ana ce mata SDRAM, tana da arha, tana da nawa. Sababbin da ke shigowa yanzu suna cin mai tsaga ɗaya, DDR, ta fi sauri, kuma ita ce ta cika kasuwa. Ta portabul, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, gajeruwa ce, rabin waɗannan, ba ruwanta da babban inji. In mai kaya ya ce miki duk ɗaya ne, ki ce masa akuya da tunkiya ma duk ƙafa huɗu ne.

Taki kuwa, yadda kika kwatanta ta, ba ta cikin waɗannan. Mai rigar ƙarfe daban take. Tsagarta biyu ne kusa da juna a tsakiya, tana da gudu, tana da zafi, shi ya sa aka yi mata riga. Ba ta aiki ita kaɗai, sai biyu-biyu kamar takalmi, kuma ba ta yarda a bar rami a buɗe ba, sai an toshe shi da wata holoƙo marar komai. An yi yayinta na ɗan lokaci aka daina. Ko a Duwala sai an sha wuya a same ta. Sau ɗaya na taɓa ganin inji irin naki a nan, a ofishin wani patron, attajiri mai motocin shanu. Allah Ya ba ki doki kina neman jaki.

Zan shigo Garwa ranar cika-ciki in duba miki da idona. Ki tanadi kaza, ki kuma ɓoye takalmanki, don kin san ranar ba a yi wa taubashi shamaki.

Ubangidanki na gaskiya,
Bukar


Garwa
Fabrairu 2006

Bukar,

Sallama. Ina fata ka isa lafiya. Hularka tana wurina, ba za ka gan ta ba sai ka dawo mini da mayafina da ka gudu da shi. Goggo har yanzu tana dariyar yadda ka cinye kazar nan ka bar mini wuya. Baffa ya ji daɗin zuwanka ƙwarai, kullum sai ya ce, "Bukar ya zama mutum."

Sai dai tun da ka tafi injin nan ya canza hali. Shafin da a da nake buɗewa kafin Baffa ya gyara zama, yanzu sai ya sha shayinsa ya gama bai fito ba. In na ce in ƙara baƙin tawada, sai komai ya sandare, linzamin ma ya ƙi motsi. Na ɗauka zafi ne ya fara, na sa masa fanka. Na ɗauka ni na taɓa wani abu, na yi ta zargin kaina.

Jiya Émilienne ta shigo ta duba wurin da injin ke faɗin memuwarsa. Ta ce, "Iyatu, sa ne va pa, akwai matsala. Ranar da muka buɗe shi mega ɗari shida da arba'in ne, yau ɗari da ashirin da takwas." Na ce mata ba zai yiwu ba, ɗan'uwana ne ya duba shi. Muka kwance murfin. Ramuka huɗu a cike suke kamar da, amma biyu kawai ke da riga. Sauran biyun filaye ne, ba komai a jikinsu. Sai na tuna holoƙon da ka ba ni labari.

Ranar nan ka ce in je in kawo maka ruwan sanyi daga cikin gida, Baffa kuma yana masallaci, kai kaɗai ka rage da injin. Na gaya wa Émilienne lallai akwai dalili, wataƙila ka ga wata matsala ce ba ka so ka tayar mini da hankali. Na je kol-bos na kira lambarka, a kashe. Don Allah ka ba Zacharie amsa a wannan zuwan.

Iyatu


Meiganga
Maris 2006

Ranki ya daɗe,

Lafiya lau muke, ruwa ma ya fara yayyafi a nan, ku kuna can kuna gasuwa.

Ashe sai da Émilienne ta ƙirga miki kafin ki gane! Na ci ki wasa, ki yarda. Kin ce ni bawa ne, to bawa ya kwashi shararsa ta cika-ciki. Mayafin na rufe ido ne. Manyan biyun suna hannuna, ana gwada su, kuma suna nuna hali mai kyau. Ki ma gode mini da na toshe miki ramukan, da ban yi ba injin ko tashi ba zai yi ba. Kwana kaɗan ne. Kafin nan ki rage nauyin hotunan, ƙananan biyun za su riƙe ki.

Wayata ta faɗa ruwa. Ki gaida Kawu Malam, ki ce ya sa ni a addu'a, ina neman wani abu.

Naki,
Bukar


Garwa
Afrilu 2006, bayan Mauludi

Bukar,

Sallama. Muna nan da rai. Zafi ya kai inda ya kai, wuta kuma sai ta ga dama.

Da na karanta "ana gwada su", wallahi hankalina ya kwanta. Na ɗauka gwajin lafiyarsu kake yi domina. Har na je na ce wa Baffa, "Bukar ya tafi da ƙwaƙwalwar injin zai duba ta ya dawo da ita." Ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a mai tsawo, ni kuma ina amin. Kullum motar Zacharie ta tsaya sai na aika a tambaya ko akwai saƙo.

Shekaranjiya na je da kaina. Zacharie yana ganina ya washe baki ya ce, "Madam, barka! Ɗan'uwanki ya zama babban mutum. Injin Misye Eugène da ya mutu tun bara, wanda aka kai Ngaundere aka kasa, shi ya tashe shi. Yanzu yana da teburinsa a ofis, har da kujera mai juyawa." Misye Eugène mai motocin shanu. Ashe patron ɗin da ka ambata mini ke nan tun a takardarka ta farko. Ashe tun kana koya mini tsaga ɗaya da tsaga biyu, idonka yana kan abin da ke cikin injina. Ni na kwatanta maka rigar ƙarfen da hannuna.

Na wuce wurin Goggo Hajjo ina kuka. Ka san me ta yi? Dariya, har da tafawa. Ta ce, "Kayya, Iyatu! Dendi ne fa, taubashinki ne. Ni nawa, marigayi Isa, akuyata ya kwance ranar cika-ciki ya yanka, aka kawo mini ƙafa ɗaya. Wa na kai ƙara? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce ki bar shi da kayanki?" Na ce, "Goggo, wannan ba akuya ba ce, idon Baffa ne." Ta ce, "To ke ma ki je Meiganga ki ɗauko rediyonsa." Maigidana ma cewa ya yi ba ya shiga tsakanin taubasai, kunya zai ji. Ka zaɓi ranarka da kyau, Bukar. Ka san ranar da za ka ɗauka ba wanda zai kira shi da sunansa.

Na rage nauyin hotunan kamar yadda ka ce. In na buɗa su sai rubutun ya narke, ɗigo ya haɗe da harafi, Baffa ya ce hayaƙi kawai yake gani. In na ɗauka da nauyi kuma, shafi ɗaya sai ya cinye mana safiya. Yana zaune ya tsura wa ekran ido yana jira, hawaye na zuba saboda hasken, kafin shafin ya fito idon ya gaji. Ranar da aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, shi ke nan sai gobe. Abin da muke yi a safiya ɗaya yanzu mako ba ya isa.

Na ji ciwo. Ba na ɓoye maka, ban taɓa jin ciwon ɗan'uwa irin wannan ba. Ka ciro su ka ba Zacharie.

Iyatu


Meiganga
Mayu 2006

Uwargijiyata mai fushi,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Na karanta wa Aisatu wurin akuyar Goggo, ta yi dariya har ta ƙware. Kin iya faɗa, wallahi, tun muna yara kin fi ni baki. Na karɓi zagin, na ci.

Amma ki tsaya ki ji nawa. Shekara nawa ina gyaran rediyo da waya a bakin tasha, da difloma a aljihu? Tsawa ce ta ƙone wa Misye Eugène nasa baret ɗin, duk takardun motocinsa suna cikin injin, ya ce wanda ya tashe shi ya samu aiki. Na so in tambaye ki. Na san za ki ce sai Kawu ya gama, shi kuma patron ba ya jira. Niyyata in nuna masa kawai injin yana tashi, ya yi odar nasa, in dawo miki da naki. Ya yi odar, daga Beljik za su zo, suna hanya. In na cire su yau ofis ya tsaya, gobe ina bakin tasha. Kina so 'ya'yanki su koma cin rogo?

Ga shi na aiko miki da abin da ya fi naki. DDR biyu ne sababbi a leda, kowacce ɗaya ta kai manyanki biyu a haɗe. Albashina na farko ke nan na zuba. In ana maganar gaskiya, mai rigar ƙarfe ta mutu, ba a ƙera injinta kuma. Wannan ba ta zafi, ba ta neman abokiya, in ta lalace ko a kasuwar Garwa kya samu. Ki sa a canza miki allon cikin injin zuwa mai cin DDR, ki huta har abada. Wata rana za ki gode mini.

Kawu kuma, ai ke kika rubuta cewa doktor ya ce sai baɗi. Muna da lokaci. Ki sassauta, kada ki tsufa da wuri, maigida ya ce ni na jawo.

Bawanki, tunda haka kike so,
Bukar


Garwa
Farkon Yuni 2006

Bukar,

Sallama. Ban san yadda zan rubuta ba don ka gane ba wasa nake ba. Duk abin da na faɗa sai ka mayar da shi taubasantaka, ka karanta wa matarka ku yi dariya. To na rantse da Allah ba wasa nake ba.

Ban ce sai baɗi ba. Na ce da wuya a kai baɗi. Ka koma ka duba.

Saƙonka ya iso. Tsaga ɗaya gare su, injina mai tsaga biyu ne, kai ka koya mini. Ka san ba za su shiga ba tun kana naɗe su. Duk da haka na kai wa Philippe mai gyara a bakin babbar kasuwa. Ya ce canza allo ba kamar canza taya ba ne, sai an canza har da zuciyar injin, a sake zuba masa komai, kuma babu allon a Garwa sai an aiko daga Duwala. Na ce a aiko. Har yau jirgin ƙasa bai kawo shi Ngaundere ba. Ya nema mini masu riga a Marwa, ya aika Yola, babu. Émilienne ta ara mini portabul ɗin ƙanenta, memuwarsa ba ta fi abin da ka bar mini ba, ekran ɗin kuma kamar tafin hannu. Na ce wa Baffa mu ɗauki takardun mu je wani ofis mai babban inji, ya ce gafakar nan ba ta taɓa kwana a waje ba, kuma ba zai zauna gaban baƙi yana lalube ba. Ka san shi.

Idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya rage kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, sai ya yi ta juya kai yana neman harafi. Waƙar da muke kai yanzu ita ce ta tahowar kakanninmu daga Kano da jakuna, yadda suka haye Binuwai suka sauka a nan. Ya ce bai haddace ta ba, sai ya ga farkon baiti sauran ke zuwa masa. Mun makale a tsakiyarta.

Jiya ya tambaye ni, "Har yanzu Bukar bai gama duba abin nan ba?" Na gaya masa gaskiya duka. Sai ya ce, "Ya samu aikin?" Na ce ya samu. Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Bai ƙara ambatonka ba.

Ka roƙi patron ɗinka mako biyu. Ka gaya masa na wani tsoho ne. Ka yi duk abin da za ka yi.

Iyatu


Meiganga
Agusta 2006

Iyatu,

Salamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya, musamman Kawu Malam.

Takardarki ba ta zo hannuna ba sai makon jiya. Motar Zacharie ta lalace a hanya cikin damina, ya bar ta a gareji da takardar a aljihun ƙofa. Me ya sa tun farko ba ki gaya mini abin ya kai haka ba? Da kin aiko mutum musamman. Ke ma kin san yadda muke magana ni da ke, ta yaya zan bambance?

Na Misye Eugène sun iso daga Beljik tun watan jiya, ina ta neman wanda zan ba amana ne. Ga naki nan, na naɗe su cikin mayafinki. Lafiyarsu ƙalau, na goge haƙoransu. Ki cire holoƙon biyu, ki danna waɗannan har ki ji sun yi ƙara. Yanzu sai ku ƙarasa cikin sauri.

Ki roƙa mini Kawu gafara. In an sha ruwa zan zo da kaina.

Bukar


Garwa
Satumba 2006

Malam Bukar,

Wa alaikas salam. Saƙo ya iso, na gode wa Zacharie. Muna lafiya gwargwado.

Ka ce sun iso daga Beljik tun watan jiya. Wato wata guda baret ɗina suna cikin durowarka ba sa yi wa kowa aiki, kana neman mai amana. Na karanta layin nan na sake karantawa. Ka kuma tambaye ni me ya sa ban gaya maka ba. Ba zan amsa wannan ba.

Na sa su yadda ka ce. Gaskiyarka, lafiyarsu ƙalau. Injin ya tashi kamar ba abin da ya taɓa samunsa, shafi yana fitowa kafin in ɗauke hannu. Na daɗe ban ji haushin wani abu ba kamar yadda na ji haushin saurin nan.

Baffa ya daina fita masallaci shi kaɗai tun tsakiyar damina, sai an riƙe masa hannu. Ban so in gaya masa sun dawo ba, Goggo ce ta yi suɓutar baki, tana murna wai ga shi wasa ya ƙare lafiya. Washegari da safe ya ce a yi masa wanka da wuri, ya sa farar rigarsa, ya ce in kai shi zaure. Na zaunar da shi a gaban ekran. Na buɗe shafin da muka tsaya.

Ya ce, "Kin buɗe?"

Na ce, "Na buɗe, Baffa."

Ya ce, "Ƙara masa girma."

Na ƙara. Ya matso har goshinsa ya kusa taɓa gilashin, yana juya kai a hankali. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya ce in ƙara baƙin, na ƙara. Har ya zama kalma ɗaya ce ta cika ekran ɗin. Ya ce, "Ƙara dai, 'yata." Na ƙara har harafi ɗaya ya rage, baƙi ƙirin, ya fi kansa girma. Ya ɗaga hannu ya shafa gilashin daga sama zuwa ƙasa.

Na ce ko in gwada karanta masa, ya gyara mini. Na yi ta haɗa abin da na iya, ina tuntuɓe a inda tawadar ta koɗe. Ya saurara, ya ce, "A'a, ba haka na ce ba." Na ce, "To yaya ka ce, Baffa?" Ya daɗe bakinsa na motsi. Ya ce, "Ban sani ba."

Muka zauna. Injin yana ta hurawa, shafin yana nan a buɗe. Can ya laluba ya sami gafakar, ya ɗaure bakinta da kansa, ya ɗora a cinya. Ya ce, "Kashe shi, Iyatu. Kada a ƙona wuta a banza."

Na kashe.

Iyatu